Ba Hausa Ce Ke Nauyaya Bakin Yaro Ba



Akwai wata magana da ke neman zama ruwan dare a gidajenmu, tun daga Aboabo da Asawase a Kumasi har zuwa Nima da Madina a Akra. Da zarar yaro ya kai shekara ɗaya da rabi bai fara zuba zance ba, sai a ce harsuna ne suka yi masa yawa. Uwa tana yi masa Hausa, maƙwabta suna yi masa Twi, talabijin na yi masa Turanci, yayyensa kuma suna dawowa daga makaranta da Larabci a bakinsu, saboda haka wai kansa ya ɗaure. Daga nan sai shawara ta biyo baya, wani lokaci daga bakin malamar makarantar reno, wani lokaci daga wata 'yar'uwa da ta yi zurfi a boko, cewa a tsayar da yaron a kan harshe ɗaya. Duk inda aka ce a zaɓi ɗaya kuwa, kowa ya san wanda za a sadaukar. Hausa ce ake kora daga ɗakin uwa, Turanci ya zauna.

Ra'ayina a kan wannan a fili yake: zancen ba shi da tushe, kuma yana jawo mana hasara ta fuska biyu. Yaro mai lafiya yana rasa harshen iyayensa a kan laifin da harshen bai yi ba. Yaron da ke da matsala ta gaske kuwa, kamar ta ji, yana rasa watanni masu tsada, domin an riga an samo wa shirunsa dalilin da ba shi ba ne, an kwantar da hankali. Abin da zai raba mu da hasarar duka biyu shi ne mu san ma'aunin da ya dace da ƙaramin yaro. Ma'aunin kuwa shi ne abin da yake fahimta, a dukkan harsunan da yake ji, kafin a zo ga abin da bakinsa ke iya furtawa.

Mu fara da tarihinmu, domin shi ne shaida mafi kusa. Ba a taɓa yin zango mai harshe ɗaya ba. Fataken da suka bi hanyar goro daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja sun zauna a Salaga tare da Gwanjawa da Dagombawa da Wangarawa da Yarbawa. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 jama'a suka watsu zuwa Kete Krachi da Yeji da Kumasi da sauran garuruwa, suka yi auratayya da mutanen da suka tarar, 'ya'yansu suka tashi da harshen uwa da na uba da na kasuwa. A cikin wannan cakuɗa ne Alhaji Umaru, haifaffen Kano wanda ya rasu a Kete Krachi a 1934, ya karantar da ɗalibai ya kuma yi rubutu da Larabci da Hausa. Kafinsa, a can ƙasar Sakkwato, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta yi talifi da Larabci da Fulatanci da Hausa. Da a ce yawan harsuna yana ɗaure kan yaro, da zango bai haifi malami ko ɗaya ba, da kuma kasuwar goro ba ta ci ba.

Yanzu mu koma ga yaron kansa. Hausawa sun ce kunne ya girmi kaka. A sha'anin ƙaramin yaro kuwa, kunne ya girmi baki. Jariri yana fara jin sauti tun yana ciki, a watanni ukun ƙarshe, kuma yana zuwa duniya ya riga ya saba da muryar mahaifiyarsa. A 2010 masu bincike a birnin Vancouver na Kanada suka gwada jarirai sabbin haihuwa waɗanda iyayensu mata ke magana da Turanci da harshen Tagalog na ƙasar Filifin lokacin da suke da ciki. Suka tarar jariran suna sha'awar sauraron harsunan duka biyu, kuma suna iya bambanta ɗaya da ɗaya. Wato tun kafin ranar suna, kunnen jariri ya san cewa harshen gidansu ba ɗaya ba ne, kuma hakan bai ruɗa shi ba. Tsakanin wata 4 da wata 5 yakan fara gane sunansa. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2012 ya nuna cewa jarirai 'yan wata 6 zuwa 9 suna karkata idonsu ga hoton da ya dace idan aka ambaci sunan wani abinci ko wata gaɓar jiki, alhali babu wanda ya iya faɗin ko kalma ɗaya a cikinsu.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta sabunta jerin matakan girman yara a 2022, ta kuma gina shi a kan abin da aƙalla yara 3 cikin 4 ke yi a kowane mataki. A wata 9 yaro yakan waiwayo idan an kira sunansa. A wata 12 yakan gane "a'a", ya ɗan dakata idan an hana shi, ya ɗaga hannu ya yi ban kwana. A wata 15 yakan bi umarni idan an haɗa magana da ishara, kamar a miƙa hannu a ce "ba ni". A wata 18 yakan bi umarni guda ba tare da ishara ba, yana kuma ƙoƙarin faɗin kalmomi 3 ko fiye, ban da Mma da Baba. A wata 24 yakan nuna gaɓoɓin jikinsa aƙalla biyu idan an tambaye shi, ya kuma haɗa kalmomi biyu, kamar "ƙara koko". A wata 30 yakan bi umarni mai gaɓa biyu, kamar "ajiye cokali ka rufe ƙofa", yana da kalmomi wajen 50 a bakinsa.

Duk wanda ya dubi wannan jeri da kyau zai ga cewa a kowane mataki fahimta tana gaba, furuci yana biye. Yaron da ke faɗin kalmomi 10 yakan fahimci ninkin-ba-ninkinsu. Dalili kuwa shi ne furuci aiki ne na leɓe da harshe da maƙogwaro da numfashi, kuma waɗannan suna buƙatar lokaci kafin su ƙware, kamar yadda yaro yake sanin inda yake son zuwa tun yana rarrafe, kafin ƙafarsa ta iya kai shi. Saboda haka ɗan wata 18 da aka ce masa "kawo takalmin Baba" ya tashi ya kawo, aka ce "ina hancinka?" ya taɓa, wanda yake nuna kaza da yatsa yana waiwayen uwarsa don ta gani, wannan yana kan hanya ko da kalmominsa ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba.

To, ina matsayin yaro mai harshe biyu ko uku a cikin wannan? Tsoron da muke ji a yau ba namu ba ne na asali, tsohon tsoro ne na Turawa da su kansu suka bari. A farkon ƙarni na 20 masana da yawa a Turai da Amurka sun ɗauka harshe biyu yana dakushe basirar yaro, domin sun riƙa yi wa 'ya'yan baƙi matalauta jarrabawa da harshen da ba su gama koya ba, sannan su kwatanta su da 'ya'yan masu hali. A 1962 Elizabeth Peal da Wallace Lambert suka sake gwajin a birnin Montreal da yara 'yan shekara 10, suka kula da daidaita matsayin iyayensu. Masu Faransanci da Turanci ba su kasa masu Faransanci kaɗai ba, a gwaje-gwaje da yawa ma sun fi su. A 1993 Barbara Pearson da abokan aikinta suka bi ƙananan yara masu Sifaniyanci da Turanci a birnin Miami, daga wata 8 zuwa wata 30. Da aka haɗa abin da kowane yaro ya sani a harsunan biyu, sai aka ga taskarsa ta yi daidai da ta yaro mai harshe ɗaya. Masu harshe biyu suna fara gwaranci, su faɗi kalmar farko, su haɗa kalmomi biyu, duk a cikin lokacin da aka saba gani ga sauran yara.

Kuskuren yana shigowa ne wajen ƙirga. A misali, a ce yarinya 'yar shekara biyu tana da kalmomi 20 na Hausa, 15 na Twi, 10 na Turanci. Malamar makarantar reno da ba ta jin Hausa za ta ƙirga 10, ko 25 idan tana jin Twi, ta ce yarinya tana baya. Kakarta da ba ta jin Turanci za ta ƙirga nata rabon ita ma. Babu wadda ta yi ƙarya a cikinsu, amma kowace ta leƙa ɗaki ɗaya ne ta yanke hukunci a kan gida. Abin da yarinyar ta mallaka 45 ne. Haka kuma fahimta: mai yiwuwa zancen wanka da abinci da barci ta fi gane shi da Hausa, domin da ita ake yi mata su, zancen wasa kuwa da Twi, domin da shi yaran tsakar gida ke yi. Wanda ya gwada ta da harshen da ba a saba yi mata wannan zancen da shi ba, bai gwada fahimtarta ba.

Sai kuma batun gauraya, wanda shi ya fi tayar wa iyaye hankali. Yaro ya ce "Mma, bra" maimakon "Mma, zo", ko ya ce "ina son nsuo" maimakon ruwa, sai a ce ga shi nan, ya rikice. Ai mu manya haka muke magana a kasuwar Kejetia da cikin mota da ƙofar masallaci, kuma babu wanda ya ce mun rikice. Yaro yana kwaikwayon abin da yake ji ne, sannan idan kalma ta ƙare masa a wannan harshe sai ya ɗauko daga wancan, kamar ɗan kasuwar Aflao da ke da sidi a aljihu ɗaya, sefa a ɗayan. Binciken da Fred Genesee da abokansa suka yi a Montreal cikin shekarun 1990 ya nuna cewa yara 'yan shekara biyu sukan fi amfani da harshen uwa idan suna tare da uwa, da harshen uba idan suna tare da uba. Wanda ya san harshen da zai yi wa kowa, ba a kiransa ruɗaɗɗe.

Adalci ya wajabta a faɗi abin da masu tsoron suke da gaskiya a kai. Idan aka ware harshe ɗaya aka auna, yaro mai harshe biyu sau da yawa yana da kalmomi ƙasa da na tsaransa mai wannan harshe kaɗai, musamman a shekarun farko. Erika Hoff ta tabbatar da haka a wani bincike da ta wallafa a 2012 a kan yaran jihar Florida, ta kuma nuna cewa ƙarfin yaro a kowane harshe yana bin yawan jin da yake yi masa. Wannan ba abin mamaki ba ne, tunda sa'o'in yini ba su ƙaruwa don harsuna sun ƙaru. Haka kuma ba na cikin masu cewa harshe biyu yana mayar da yaro haziƙi, domin masana suna da saɓani a kan hakan, kuma hujjarmu ba ta buƙatarsa. Sannan damuwar iyaye game da Turanci damuwa ce ta gaskiya. Da shi ake rubuta jarrabawar BECE, da shi ake neman aiki, kuma 'ya'yan zango sun daɗe suna cutuwa da rashinsa. Uban da ke son ɗansa ya ƙware a Turanci ba maci amanar al'ada ba ne.

Inda muka rabu shi ne a kan magani. Turanci yana da makaranta tun daga ajin reno na 'yan shekara 4 har jami'a, yana da littafi da talabijin da waya da allon talla a kan titi. Hausa a ƙasar nan ba ta cikin harsunan da gwamnati ta amince a koyar da su a makarantu. Tana da ɗan lokaci a rediyo, tana da zango, tana da ɗakin uwa. Idan aka kore ta daga ɗakin, babu wata hukuma da za ta mayar wa yaro ita. Bugu da ƙari, yaro ba adadin kalmomi kawai yake buƙata ba, yana buƙatar magana mai ƙoshi. Uwar da Hausarta ke ɗauke da tatsuniya da karin magana da zolaya da lallashi, idan aka tilasta mata Turancin da ba ta mallaka ba, zancenta da ɗanta zai taƙaita ga "zauna", "tashi", "bari". An raba yaro da tuwo an ba shi ruwan ɗumi ke nan. Alhali yaron da ya san ma'anar jiya da gobe, da rabi da duka, da nauyi da sauƙi, da "saboda me" a cikin Hausa, idan ya shiga aji sabon suna kawai zai koya wa abin da ya riga ya sani.

Malamanmu na da sun fahimci wannan. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya bayyana a cikin Muƙaddimarsa cewa harshe malaka ce da ke kafuwa ta hanyar ji da maimaitawa. Kuma duk ɗalibin sira ya san cewa Ƙuraishawa sukan aika jariransu ƙauye wurin masu shayarwa, kuma daga cikin dalilan akwai samun fasahar harshe. Ba su jira sai yaro ya isa karatu ba, domin sun san lokacin shan nono shi ne lokacin shan harshe. Binciken zamani ya zo ya ƙarfafa hakan. A 1984 Janet Werker da Richard Tees suka nuna a Kanada cewa jariran gidajen Turanci 'yan wata 6 zuwa 8 suna iya bambanta wasu baƙaƙen harshen Hindi da iyayensu ba su iya bambantawa, amma zuwa wata 10 zuwa 12 yawancinsu sun daina. Kunne yana gyara kansa ne bisa abin da yake ji kullum. Mu kuwa harshenmu yana da ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda ke raba baki da baƙi, kafa da ƙafa, kara da ƙara. Mun san yadda waɗannan suka yi rauni a Hausar zangunanmu, tare da bambancin "ya" da "ta". Wannan ba abin kunya ba ne, kowane kari da tarihinsa. Amma darasi ne a kan cewa abin da kunne bai saba da shi da wuri ba, koyonsa daga baya sai da wahala. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wani zai ce ai Hausa ba ta mutuwa a zango, titi ma zai koya wa yaro. A tsakiyar Nima ko Aboabo akwai ƙamshin gaskiya a wannan. Amma yawancin masu bin shawarar nan su ne waɗanda Allah Ya buɗa wa, suka gina gida a sababbin unguwanni inda babu mai sallama da Hausa sai baƙo. Abin da ya faru a wasu ƙasashe ya isa gargaɗi. A 2007 Annick De Houwer ta wallafa bincike a kan iyalai kusan 1,900 a ƙasar Beljiyam waɗanda ake magana da wani harshe a gidajensu ban da na gari. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu ba su magana da harshen gidan, kuma inda aka fi samun nasara shi ne gidan da uwa da uba duka suke yi wa yara harshen. Hasarar ba a takarda take bayyana ba. Tana bayyana ne ranar da kaka ta zo ganin jika suka zauna suna murmushi babu mai jin wani, da ranar da saurayi ya zauna a wurin tafsirin azumi kamar baƙo, da ranar da aka buga waya daga dangi a Kano ko Damagaram aka rasa wanda zai amsa gaisuwa.

Hasara ta biyu ta fi wannan gaggawa, kuma ita ce dalilin da ya sa na ce a riƙe fahimta a matsayin ma'auni. Matsalar magana ta gaske ba ta zaɓen harshe, tana bayyana a dukkan harsunan yaro. Saboda haka kada a fake da yawan harsuna idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: yaro ya kusa shekara ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, ko ba ya gwaranci, ya wuce shekara ba ya nuni da yatsa, ba ya ɗaga hannu, ba ya neman haɗa ido, ya kai wata 18 ba ya bin umarni mai sauƙi da kowane harshe, kuma ba shi da kalma ko ɗaya, ya kai shekara biyu bai fara haɗa kalmomi biyu ba, ko kuma, a kowane lokaci, ya daina abin da ya riga ya iya. Haka nan idan kunnensa yana yawan fitar da ruwa, ko ya taɓa yin sanƙarau ko ƙyanda, ko ya yi shawara mai tsanani bayan haihuwa, domin duk waɗannan suna iya taɓa ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na raunin ji a yara yana zuwa ne daga abubuwan da za a iya kare su.

A nan akwai wata dabara da ya kamata kowace uwa ta sani. Yaron da ba ya ji sosai yakan zama mai kaifin ido. Yana ganin an ɗauko bokiti ya san wanka ne, yana ganin an kalli ƙofa ya san fita za a yi, har a rantse yana jin komai. Idan za ki gwada fahimtarsa, ki yi masa magana da harshen da ya fi ji a gida, ba tare da kin nuna ko kin kalli abin ba. Ki ajiye kofi da takalmi da cokali a gabansa, ki naɗe hannunki, ki ce "ba ni cokali". Ki kira sunansa a hankali daga bayansa lokacin da bai gan ki ba. Ki maimaita a ranaku daban-daban, lokacin da ba ya jin yunwa ko barci, domin yaro yakan ƙi abu don rigima kawai. Idan shakka ta zauna, ki faɗa wa ma'aikaciyar jinya ranar awo, ki nemi a tura ku a gwada jinsa. Manyan asibitocin koyarwa, Komfo Anokye a Kumasi da Korle Bu a Akra da na Tamale, suna da sashen kunne da hanci da maƙogwaro, kuma ana iya gwada jin yaro tun yana jariri ba tare da ya ji zafi ba.

Na san amsoshin da aka saba bayarwa: namiji ne, maza suna da nauyin baki, ubansa ma sai da ya shekara uku. Gaskiya ne wasu yara sukan makara sannan su cim ma tsaransu, kuma galibi su ne waɗanda fahimtarsu ke da kyau tun farko. Amma idan fahimtar ce da kanta ta yi rauni, jira ba hikima ba ce. A yi addu'a, a nemi albarkar malamai, a kuma je asibiti, domin tawakkali bai hana ɗaure raƙumi ba. Ko da an tabbatar yaro yana da lalura, wannan bai zama dalilin raba shi da Hausa ba. Binciken da aka yi a kan yara masu lalurar otizim bai nuna cewa jin harshe biyu yana ƙara musu matsala ba. Irin wannan yaro ma ya fi kowa buƙatar harshen da uwarsa za ta lallashe shi da shi.

Idan ana neman abin da ke cinye rabon yaro na magana a gidajenmu a yau, a dubi wayar da ake miƙa masa don ya yi shiru. A 2003 Patricia Kuhl ta gwada jarirai 'yan wata 9 a birnin Seattle na Amurka. Wasu aka haɗa su da mutum yana yi musu wasa da harshen Sinanci har zama 12, wasu aka nuna musu irin wannan zama a bidiyo. Na farkon suka koyi bambanta sautukan Sinanci, masu kallon bidiyo kuwa suka tashi kamar waɗanda ba su taɓa jin harshen ba. Ƙaramin yaro daga mutum yake koyon harshe, wanda zai kalle shi, ya amsa masa, ya jira shi. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba a gaban talabijin ko waya, ɗan shekara biyu kuma kada kallonsa ya wuce sa'a ɗaya a yini. Wanda ya hana ɗansa Hausar kakarsa ya bar shi da katun na Turanci daga safe zuwa yamma, bai ba shi Turancin ba, ya kuma hana shi Hausar.

Abin yi ba mai tsada ba ne. Kowa ya yi wa yaro harshen da ya fi ƙwarewa a kai. Idan uwa Basantiya ce ko Badagomba, ta yi masa nata, uba ya riƙe Hausa, amma ya riƙe ta da gaske, ba gaisuwar safe kawai ba. A ambaci sunan abin da ake yi lokacin da ake yin sa, wajen wanka da dama koko da tafiya kasuwa. Idan yaro ya yi nuni, a faɗa masa sunan abin. Idan ya ce "nsuo", kada a kwaɓe shi, a ce "ruwa kake so? Ga ruwa." A bar shi ya zauna da kakanni, a dawo da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi bayan sallar isha'i. Iyaye maza kuma su sani cewa hira da ɗan shekara ɗaya ba ta rage girma.

Ina kira ga malaman makarantun reno da ma'aikatan lafiya da ke aiki a zangunanmu, kafin ku ce yaro yana baya, ku tambayi uwarsa abin da yake fahimta da abin da yake faɗa a kowane harshe, ku haɗa lissafin. Ina kira ga limamai da sarakunan zango da shugabannin mata su riƙa ambaton wannan a wuraren suna, domin nan ne ake samun uwa da kaka da uba a zaune wuri ɗaya. Ga iyaye kuwa, tambayar da za ku riƙa yi ita ce: idan an yi masa magana yana ganewa? In yana ganewa, ku ci gaba da yi masa Hausa da zuciya ɗaya, baki zai biyo kunne. In ba ya ganewa da kowane harshe, kada ku tsaya neman laifin Hausa, ku kai shi a duba shi tun da wuri.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya buɗe kunnuwansu da ƙirazansu, Ya sa su zama masu jin maganar iyayensu da harshen iyayensu. Wassalamu alaikum.